Mutanen Nok da Wahalar Rubuta Tarihinsu



An nemi in yi magana a kan wahalhalun da masana tarihi ke sha wajen fahimtar tsofaffin al'ummomin da labarinsu ya ɓata. Ba sai mun je Masar ko Indiya neman misali ba, muna da shi a kudancin Jihar Kaduna, inda mutanen da ake kira Nok suka rayu.

A shekarar 1928 ne masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba wanda ya damu da shi sosai. Sai wajen 1943 aka kawo wa wani jami'in mulkin mallaka mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanci ilimin binciken kayan tarihi, wani kan daga yankin Jema'a. An ce kafin ya iso hannunsa har an kafa shi a gonar doya don korar ɓarna. Fagg ya ga kamanninsa da na farko, ya shiga bin wuraren haƙar kuza yana roƙon ma'aikata su ajiye masa duk abin da suka tsinta. Abin da ya tara na cikin tushen gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Sunan ƙauyen da aka fara tsintuwa shi ne ya bi al'ummar baki ɗaya.

Wahala ta farko kowa ya san ta: mutanen nan ba su bar rubutu ba. Kano tana da kundin tarihin sarakunanta, Daura tana da labarin Bayajida, kuma ko da masani bai yarda da duk abin da ke cikinsu ba, yana da abin da zai yi gardama da shi. A Nok babu waƙa, babu kirari, babu jerin sarakuna. Ƙasar yankin ma ba ta taimaka ba, domin tana da tsamin da ke cinye ƙashi. Saboda haka ba a samun ƙasusuwan mutanen balle a san kamanninsu ko cututtukan da suka kashe su, ba a kuma samun na dabbobi balle a tabbatar ko sun yi kiwo.

Sai batun lokaci. Kayan farko duk a cikin laka da tsakuwar da ruwa ya kwaso aka same su, ba a inda masu su suka ajiye su ba. Sai da aka tona Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960, aka ga gutsattsarin mutum-mutumi tare da murahun narka tama. Daga 2005 ayarin Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, ya yi shekaru yana aiki a yankin Janjala tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Sun nuna cewa al'ummar ta faro tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), gina mutum-mutumi ya zo wajen 900, kuma komai ya ja baya dab da farkon Miladiyya. Amma gwajin kabon da ake yi wa gawayi yana da wani gurbi: duk abin da ya faɗa tsakanin 800 da 400 kafin Miladiyya kusan amsa ɗaya yake bayarwa. A daidai wannan tsakanin ne kuma narka tama ya bayyana a Nok. Shi ya sa har yau ake taƙaddama ko sun gano sana'ar da kansu ne ko koyo suka yi daga arewa.

Duk da haka, ku dubi abin da haƙuri ya fitar. Daga ƙonannun ƙwayoyin hatsi an gane sun noma gero da wake, sun ci atili. A 2021 masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila suka binciki maiƙon da ya shige jikin tsingaron tukwanensu, suka sami alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo. Binciken yumɓu ya nuna cewa na tukwane yana bambanta daga wuri zuwa wuri, amma na mutum-mutumi ya fi kama da juna, abin da ke nuna akwai gwanayen da wannan ce sana'arsu. An kuma lura cewa kusan kullum a farfashe ake samun mutum-mutumin cikin ramuka, wasu kusa da jerin duwatsun da ake kyautata zaton kaburbura ne.

Ga abin da ya fi ɗaure mini kai. Wanda ya ga kyawun kawunan nan, da kitsonsu, da hudaddun idanunsu, zai ɗauka akwai fada da ganuwa a bayansu. Ba a ga ko ɗaya ba, sai ƙananan matsugunai na manoma. Mu da muka tashi a ƙasar sarauta mun saba auna wayewa da birni da sarki, kuma a ganina wannan ma'aunin kansa yana cikin abubuwan da ke rufe wa masani ido. Haka nan gaggawar cewa kakannin wane ne, ko su ne tushen fasahar Ife. Tsakaninsu da Ife akwai wajen shekaru 1000, kuma kamanni kaɗai ba ya zama hujja.

Na bar babbar wahalar sai yanzu domin ita ce wadda muke haddasawa da hannunmu. Duk abin da na lissafa, gero da zuma da shekaru, ba daga kyawun kan yumɓu aka karanto shi ba. Daga gawayin da ke gefensa ne, da tsingaro, da zurfin ramin. Wanda ya ciro kan ya watsar da ƙasar tamkar ya yago hoto ne daga littafi ya ƙone sauran shafukan. A shekarun 1990 an yi ta haƙa ba dare ba rana, dillalai suna kwasa zuwa kasuwannin Turai, har ya zama mafi yawan wuraren da masana suka isa sun tarar an riga an birkice su. Abin ya kai ga a shekarar 2000 aka baje wasu kayan Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Faransa, duk da cewa dokar Nijeriya ta 1979 ta hana cinikinsu. Bayan surutu, a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Mutum-mutumin da ake dangantawa da Katsina da Sakkwato sun fi shiga uku, don kusan duk ta hannun 'yan fasa-ƙwauri duniya ta san su.

Ba na ɗora laifin a kan talakan da ya ɗauki diga don ciyar da iyalinsa. Laifin na mai saye ne, da na hukumar da ta bar wuraren ba tsaro, da namu masu ilimi da ba mu je mun yi wa jama'a bayani da harshensu ba. Wasu kuma na cewa ai gumaka ne, a bar su su tafi. Babu tabbacin cewa bauta musu aka yi, kuma nazarin abin da mutanen da suka shuɗe suka bari ba bauta ba ne.

Don haka ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai, idan manomi ya ci karo da irin wannan a gona, a bar shi inda yake, a sanar da gidan tarihi na Kaduna ko na Jos. Ɗalibai kuma, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen wannan ilimi, kuma aikin yana buƙatar 'yan ƙasa da suka san yankin da harsunansa.