Kyan Ɗan Maciji: Motocin da Muke Turawa Gida

 

An ce in yi magana a kan wankin mota, tunda da shi na fara cin abinci a Niyok kafin in kama tuƙin tasi. Amma bari in fara da abin kunyar da na taɓa yi.

Na taɓa saya wa yayana mota. Na wanke ta da hannuna, na goge ta har mutum na ganin fuskarsa a jikinta, aka loda ta daga Newark zuwa Kwatano. Ba ta shekara a hannunsa ba, yana tafe da iyalinsa a hanyar Zariya, ya taka birki ya ji ƙafarsa ta shige. Allah Ya tsare, a gona suka tsaya. Bakanike ya leƙa ƙarƙashi ya tarar tsatsa ta huda bututun man birki. Yaya bai ce mini komai ba sai “Allah Ya kiyaye gaba”. Na fi son a ce zagina ya yi.

Ga inda gizo ke saƙa. Da dusar ƙanƙara ta sauka a nan, sai a watsa gishiri a titi don kada ruwa ya daskare. Taya ta kwaso ruwan gishirin ta fesa shi a ƙarƙashin mota, ya maƙale a lungunan da ido ba ya kaiwa. Gishiri da danshi kuwa su ke hanzarta tsatsa. Ta ci salansa, ta ci bututun birki da na fetur, alhali sama tana ƙyalli. Mai ajiye mota a gareji mai ɗumi kada ya ɗauka ya tsira, domin ɗumin narkar da ƙanƙarar yake yi, gishirin ya ci gaba da aikinsa.

Saboda haka a lokacin sanyi, duk mako biyu a kai mota inda ake fesa mata ruwa ta ƙasa. Wanda zai sayi ta turawa gida, ya sa a ɗaga ta, ya shiga da tocila ya duba da idonsa. In ya dangwala ƙarfe ya ga yana ɓarewa, ya haƙura da ita komai arharta.

Sai fenti. Abin da ke sa mota ƙyalli wani shafi ne garai-garai a saman launin, kaurinsa bai kai na takarda ba. In ya tafi, sai dai mai fenti. Ku yi wanki da bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da kuka ɗebo ya koma jikin motar. A fara jiƙa ta, a wanke daga sama zuwa ƙasa, a inuwa. Kashin tsuntsu kada ya kwana, yana cin fenti, musamman in rana ta gasa shi. Duk wata uku a shafa mata waks. In kun zuba ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, kariyar tana nan. In ya baje, ta ƙare.

Rim kuma a ware masa nasa soson. Baƙin da kuke gani a jikinsa garin ƙarfe ne daga birki, yana sauka da zafi ya kama. A bari ya huce kafin a wanke, kuma sosonsa kada ya taɓa bodi.

Yanzu gare ku 'yan uwa na gida. Ku ba ku da gishirin titi, kuna da ƙurar hunturu da zafin rana. Na sha ganin yaro da sassafe yana goge busasshiyar ƙura da tsumma, maigida na yaba masa. Wannan kankare fenti ne. In babu ruwa, gara a bar ta da ƙurarta. Garin sabulun wankin kaya kuma yana wanke waks, ya bar fenti tsirara a rana. Sannan ranar da mota ta iso daga nan, kafin a zaga da ita gaishe-gaishe, a kai ta a wanke ƙarƙashinta, bakanike ya bi bututun birki daga gaba har baya.

Alhaji shugaba, ina da roƙo. A cikinmu akwai bakanikai. Ƙungiya ta roƙe su su riƙa duba wa mambobi ƙarƙashin mota kafin a loda ta. Ni na ɗauki nauyin raka duk wanda ya kira ni, ranar Asabar, ba ko sisi. Iyayenmu da 'ya'yanmu ne za su shiga motocin nan.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a nemanmu.