JAWABI A KAN CIWON MARA MAI DAƊEWA GA MATA



Akwai mata da yawa waɗanda ke fama da ciwon mara a ɓoye, saboda kunya ko tsoron kada a ce za a yi musu aiki a asibiti. Idan ciwo a ƙasan cibiya ya kai wata 6 yana damun mace, shi ne likitoci ke kira ciwon mara mai daɗewa. Sau da yawa akan sami sauƙinsa ba tare da an sa wuƙa ba.

Da farko sai a san mafarinsa. Yakan taso daga ciwon sanyi da ya hau mahaifa, ko tsargiya wadda ake ɗauka a tafki da rafi, ko ƙari a mahaifa, ko kuwa tsoka irin ta cikin mahaifa ta tsiro a wajenta. Wani lokaci daga mafitsara ne, ko hanji, ko naman ƙugu da ya ɗaure. Shi ya sa likita kan auna fitsari, ya ɗauki hoton ciki, kafin ya rubuta magani.

In ciwon sanyi ne ya hau mahaifa, akan sha magani har kwana 14, kuma wajibi ne a shanye shi ko da an ji sauƙi. Lalle a yi wa maigida magani, da abokan zama in akwai, don kada cutar ta dawo ta toshe hanyar ƙwai, ta hana haihuwa. Tsargiya kuwa ƙwayar praziquantel ke kashe ta. Ƙwayoyin tazarar haihuwa sukan rage ciwon da ke tsananta lokacin al'ada. Ibuprofen yana rage zafi, amma ba na mai gyambon ciki ba ne, mai juna biyu kuma sai da izinin likita. Ɗumama mara da tsumma mai ɗumi yana taimakawa, haka nan motsa jikin da ake koyarwa a sashen gashi don sassauta naman ƙugu.

A guji cusa kanwa ko saiwoyi a gaba. A guji yankan gishiri, domin yana jawo yoyon fitsari. Idan ciwo ya taso farat ɗaya bayan ɓatan wata, ko ya zo da zazzaɓi ko zubar jini, sai a garzaya asibiti nan take.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan ya shafi gida duka. Saboda haka ana roƙon magidanta su ba matansu izini da kuɗin mota, su kuma raka su asibiti tun da wuri.