Abin da Ke Ƙarƙashin Teku: Harsashin Injinan Iska

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, injiniyan binciken ƙasa, ya gabatar a taron shekara na ƙungiya

An ce in yi bayanin aikin da ya raba ni da gida shekara da shekaru. Aikina shi ne kafa harsashin injinan da ke samar da wutar lantarki daga iska a tsakiyar teku. Kowa yana ganin hoton dogayen fankokin nan suna juyawa. Ni kuwa rabona yana can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

An fara wannan sana'a a Bindebi, ƙasar Danmak, a 1991, da injina 11. Ruwan wurin ba zurfi, sai aka ɗora kowane inji a kan tulin kankare, nauyinsa kaɗai ke riƙe shi. Da aka nausa cikin Tekun Arewa, sai aka koma ga wata dabara: a kawo ƙaton bututun ƙarfe guda, a kafa shi cikin ƙasan teku da guduma mai aiki da inji, tamkar turke. Haka aka yi wa injina 80 a Horns Rev a 2002. Na yanzu faɗinsu kan kai mita 8 zuwa 10, nauyi kuma ya haura tan 1,000.

Wanda ya taɓa kiwo ya san turke ba ya tugewa da fizga ɗaya. Sai akuya ta yi ta ja, gaba da baya, har ramin ya yi sako-sako. To, haka iska da igiyar ruwa ke yi wa bututun nan dare da rana, shekara 20 ko fiye. Ga kuma ruwa yana kwashe yashin gindinsa, kamar yadda ambaliya ke cin gindin gada, shi ya sa muke jibge duwatsu kewaye da shi. Kafin a kafa kome, muna fita da jirgin ruwa mu tura sandar ƙarfe mai tsini cikin ƙasa, santimita 2 a daƙiƙa, tana auna inda yashi yake, inda laka take, inda aka tarar da dutse.

In ruwa ya yi zurfi, akan yi wa injin ƙafafu uku, kowace da bokitin ƙarfe a kife. Sai a zuƙe ruwan cikin bokitin, shi kuma ya nutse cikin ƙasa da kansa. Da irin wannan aka kafa injina 114 na Seagreen a gaɓar Sikotlan, ɗaya a zurfin sama da mita 58. A Hywind kuwa, nan Sikotlan ɗin, injina 5 aka bari suna yawo a kan ruwa tun 2017, an ɗaure su da sarƙoƙi.

Yanzu ga abin da ya sa na karɓi gayyatar nan. A can baya, akan zura wani bututu a kan wuyan na ƙasa, a cike tsakaninsu da siminti mai ƙarfi, sa'an nan a ɗora hasumiyar injin. Akwai littafin ƙa'ida da injiniyoyi ke bi wajen lissafin ƙarfin wannan haɗi. A 2009 aka lura a gaɓar Holan cewa bututun sama yana zamewa ƙasa sannu a hankali. Da aka bi diddigi, sai aka tarar lamba ɗaya a cikin lissafin littafin kuskure ce, ta kauce da kusan ninki 10. Ɗaruruwan injina aka riga aka gina da ita.

A Robin Rigg, tsakanin Ingila da Sikotlan, gyaran ya ci sama da Yuro miliyan 26. Magana ta kai Kotun Ƙoli ta Birtaniya. Ɗan kwangila ya ce shi littafi ya bi sau da ƙafa. A 2017 kotu ta ce ai ya sa hannu cewa harsashin zai yi shekara 20, don haka biya ya hau kansa. Yau akan yi wa haɗin nan kurɗa-kurɗan ƙarfe da za su kama simintin, ko a ɗaure shi da kusoshi masu noti.

Malamanmu na lissafi da ke zaune a nan, kun tuna yadda kuke mayar mana da littafi ko da amsa ta yi daidai, ku ce sai mun nuna hanyar da muka bi? Mun sha gunaguni a bayan idonku. Yau ba na sa hannu a kan wata lamba sai na san inda ta fito, ko da daga littafin manya aka ɗauko ta, domin akwai ma'aikatan da za su hau hasumiyar nan da tsakar hunturu, sun dogara da sa hannuna. Wannan tarbiyya a ajinku na samo ta, kuma ban taɓa yi muku godiya ba sai yau.

Ga ƙannenmu da ke makaranta, ku riƙe lissafi da kimiyya da kyau. 'Yan'uwa kuma, mu taimaka a gyara ɗakin gwaje-gwajensu.