Jawabin Buɗe Ɗakin Adana Tarihin Iyayenmu Mata



Mun taru ne domin buɗe ɗakin da zai riƙe hotuna da wasiƙu da muryoyin dattijan mata baƙar fata na ƙasar nan, Amurka, waɗanda suka so mata 'yan'uwansu kuma suka zauna da su, a zamanin da hakan kan raba mutum da aikinsa, da cocinsa, har da gidan ubansa. Zan ambaci biyu, dukansu sun riga mu gidan gaskiya.

An haifi Ruth Ellis a 1899 a Springfield ta jihar Illinois. Mahaifinta cikin bauta aka haife shi. Tana da shekara tara, a 1908, gungun fararen fata suka far wa unguwannin baƙar fata na garin, suka ƙone gidaje, suka kashe mutane. Ta girma ta koyi aikin ɗab'i. A 1937 ta koma Detroit, inda ita da abokiyar zamanta Ceciline Franklin, wadda kowa ke kira Babe, suka sayi gida, ta kafa injinta a ciki tana buga wa coci-coci da ƙananan 'yan kasuwa takardu.

Gidan nan shi nake so mu tsaya a kai. A wancan lokaci wuraren da fararen fata masu irin rayuwarsu ke taruwa ba sa maraba da baƙar fata, a cikin dangi kuwa zancen ma ba a yinsa. Sai Ruth da Babe suka bar ƙofarsu a buɗe. A zo a ci, a yi rawa, a yi hira ba tare da waige-waige ba. Matashin da aka kora daga gida ya samu shimfiɗa, wanda karatu ya gagara Ruth ta taimaka masa da kuɗin makaranta daga abin da injin ya kawo. Ba ofis gare ta ba, ba wani asusu, kuma a ganina babu aikin da ya fi wannan nauyi a duk tarihin da za mu ajiye a nan. Ta rasu a 2000 tana da shekara 101. Kafin rasuwarta, a 1999, aka kafa cibiyar Ruth Ellis Center domin matasan da ba su da matsuguni, kuma har yanzu tana aiki.

Ta biyu ita ce Mabel Hampton, haifaffiyar Winston-Salem a 1902. Ta yi rawa a dandalin Harlem a shekarun 1920, daga baya ta yi aikatau a gidajen mutane. A 1932 ta haɗu da Lillian Foster, suka zauna a Bronx har rasuwar Lillian a 1978. Shekara 46 ke nan, ba dokar da ta san da zamansu. Mabel ba ta zubar da komai ba. Wasiƙu, hotuna, littattafai, duk ta tattara ta miƙa wa ɗakin adana tarihi na Lesbian Herstory Archives da aka kafa a New York a 1974, ta kuma zauna aka naɗi labarinta daga bakinta. Shi ya sa yau muke iya kiran sunan Lillian. Mata nawa irinsu aka kwashe akwatunansu aka watsar, ranar da dangi suka zo kwashe kaya?

Iyayenmu, roƙonmu ke nan gare ku: akwatin da ke ƙarƙashin gado, ku kawo shi. Wadda ba ta so a ji sunanta tana raye, ta faɗa mana, za mu rufe har lokacin da ta yarda. Ku kuma matasa, akwai na'urar naɗar murya a teburin baya da takardar rubuta suna. Kowa ya zaɓi dattijuwar da zai ziyarta a watan nan.

Shugabar taro, da izininki, ina gayyatar wadda ta fi kowa shekaru a cikinmu ta taso ta yanke ƙyallen.