Ritaya a Ƙasar Waje: Wa Zai Biya Kuɗin Asibiti?

Jawabin da aka gabatar wa dattawa da membobin ikkilisiya

 

Kan maganar da aka ba ni shi ne yadda mai ƙaramin samu, wanda ya yi ritaya ya koma zama a ƙasar waje, zai iya biyan inshorar lafiya. Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, mu da muke fama da kuɗin taki da kuɗin makaranta? To, da ruwanmu. Yaran da muka sayar da hatsi da awaki muka sa a makaranta, yau waɗansunsu ma'aikatan jinya ne da likitoci da malamai a Ingila, Amurka da Kanada. Idan uwa ta aje aiki sai a ce ta zo wankan jego, daga nan a ce ta zauna renon jikoki. Idan uba ya yi ritaya sai a ce ya zo ya huta. Abin farin ciki ne. Ana shirya fasfo da biza da tikitin jirgi, a sayi rigar sanyi, a ɗaura daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Tambaya ɗaya ce ake mantawa da ita: in Baba ya faɗi da dare a can, wa zai biya asibiti?

Abin da nake so mu tafi gida da shi ke nan: fanshonmu da naira ake biya, amma ciwo a can da dala ko fam ake biyansa. Saboda haka lissafin jinya a gida ake yinsa, kafin a hau jirgi.

Mece ce inshorar lafiya?

Inshora ta yi kama da asusun taimakon juna da muka sani. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kowane wata, wanda ciwo ya kama sai a biya masa daga ciki. Bambancin shi ne kamfani ba ɗan'uwanka ba ne, lissafi yake yi. Ya san tsoho ya fi saurayi zuwa asibiti, don haka kuɗin tsoho ya fi yawa. Duk takardar inshora da aka miƙa muku, ku nemi amsar abubuwa huɗu a cikinta. Nawa ake zubawa kowane wata? Nawa ne za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu? Ina iyakar abin da kamfani zai biya? Sai na huɗu, wanda ya fi su duka nauyi: me suka ce game da ciwon da kake da shi tun kafin ka saya?

Yawancin inshorar da ake sayar wa matafiya ba ta ɗaukar tsohon ciwo. Mu kuwa da muka haura hamsin, mun san abokan zamanmu: hawan jini, ciwon sukari, ciwon gaɓoɓi, matsalar ido. In mai hawan jini ya sami shanyewar ɓarin jiki, kamfani yana iya cewa wannan daga tsohon ciwo ne, ya ƙi biya. In kuwa aka ɓoye ciwon lokacin cika takarda, suka gano daga baya, suna iya soke yarjejeniyar gaba ɗaya. Gaskiya a nan ita ce mafi araha.

Amurka

Zan daɗe a kan Amurka domin a can ne nauyin ya fi tsanani. A shekarar 2025 ƙasar ta tsaurara ba 'yan Nijeriya biza ƙwarai, amma akwai iyayenmu da suke can, akwai kuma masu takardun zama a hannu.

Sau da yawa za ku ji ana cewa a Amurka gwamnati tana kula da tsofaffi. Akwai gaskiya a ciki, sai dai da sharaɗi. Shirin gwamnati na tsofaffi sunansa Medicare, ana shiga ne daga shekara 65. Sashensa na kwanciya a asibiti, wato sashen A, kyauta ne ga wanda ya yi aiki a Amurka yana biyan haraji har shekara 10, ko wanda mijinta ko matarsa ya yi hakan. Dattijon da ya yi shekara 35 yana koyarwa a Zariya ko Numan ba ya cikin wannan lissafi. Ko da ya sami katin zama na dindindin, sai ya zauna shekara 5 a jere kafin a yarda ya shiga, sa'an nan kuma da kuɗinsa zai saya.

Ga farashin shekarar 2025. Sashen A, ga wanda bai yi aiki a can ba, dala 518 ne a wata. Sashen B, na ganin likita da gwaje-gwaje, dala 185 ne a wata. Jimla dala 703. A canjin wannan shekarar, wajen naira 1,500 kowace dala, ya haura naira miliyan ɗaya a wata, domin mutum guda. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya da aka sa hannu a kai a 2024 naira 70,000 ne. Wato kuɗin inshorar wata ɗaya ya kai albashin wata 15 na ƙaramin ma'aikaci. Duk da haka sashen B kashi 80 cikin 100 yake biya, sauran 20 na wuyan mai jinya, magunguna kuma suna da nasu sashe dabam. Ina tambayar iyayenmu masu fansho: akwai wanda fanshonsa zai ɗauki wannan? Balle mu masu hidimar ikkilisiya, da muka san abin da ake sallamar Fasto da shi.

Akwai wani shiri na marasa ƙarfi, Medicaid. Amma tun dokar 1996, yawancin sababbin masu katin zama sai sun jira shekara 5 kafin su samu, ko da yake kowace jiha tana da nata tsari. Ban da haka, ɗan da ya kawo iyayensa zama ya sa hannu a takardar alkawari cewa shi zai ɗauki nauyinsu. Takarda ce da kotu take aiki da ita, kuma tana nan a kansa har sai uban ya zama ɗan ƙasa, ko ya bar ƙasar dungum, ko ya rasu.

To, a cikin shekaru biyar ɗin nan na jira fa? Dokar da aka yi a 2010 zamanin Shugaba Obama ta buɗe kasuwar inshora inda mai zama bisa doka zai iya saya, kuma ba a korar mutum don tsohon ciwo. Amma dokar ta yarda a caji tsoho har ninki uku na abin da ake cajin matashi. Wata doka ta 2025 kuma ta rage tallafin da waɗansu baƙi masu ƙaramin samu suke samu a wannan kasuwa.

Kada kuma mu ruɗi kanmu da zancen cewa asibitin can ba ya korar mara lafiya. Gaskiya ne tun 1986 doka ta tilasta wa sashen gaggawa ya duba wanda aka kawo, ya ceci ransa, ko da kuɗi ko babu. Amma takardar bashi tana biyo baya, ba ta kuwa mantuwa.

Duk da haka akwai ƙofofin sauƙi, yana da kyau 'ya'yanmu su san su. Akwai ɗakunan shan magani na unguwa da gwamnatin tarayya take tallafawa, inda ake caji gwargwadon samun mutum. Asibitocin da ba na neman riba ba, doka ta wajabta musu su kasance da tsarin rangwame ga marasa ƙarfi. Sau da yawa sai an tambaya, an cika takarda, kafin a samu. Mai jin kunyar tambaya shi ne yake biyan cikakken kuɗi.

Ingila da Kanada

A Ingila asibitin gwamnati, NHS, kyauta ne ga mazauna ƙasar. Wanda ya je ziyara zai ga likitan unguwa, a kuma duba shi a sashen gaggawa ba biya. Amma da zarar an ba shi gado ko an yi masa aiki, tun 2015 ana cajin baƙo kashi 150 cikin 100 na farashin, wato kuɗin da rabinsa a kai. Wanda ya bar bashin fam 500 ko fiye bai biya ba, ana iya hana shi biza nan gaba. Masu bizar dogon zama kuwa suna biyan kuɗin lafiya tun wajen neman biza, wanda a 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 1,035 a shekara.

Kanada tana da biza ta musamman domin iyaye da kakanni, wadda take ba mutum damar zama har shekara 5 a shiga ɗaya. Sharaɗinta shi ne a nuna inshorar lafiya ta shekara guda wadda za ta iya biyan aƙalla dalar Kanada 100,000. Ita Kanada ta faɗi abin a fili tun daga bakin ƙofa, wannan kuwa alheri ne, domin yana tilasta wa iyali su yi lissafi.

Masu dawowa gida

Akwai kuma 'yan'uwanmu da suka ƙare ƙarfinsu a Amurka, suna so su dawo gida su huta. Su sani ɗan ƙasar Amurka yana iya karɓar fanshonsa na gwamnati yana zaune a nan, amma Medicare ba ya biyan asibitin Jos ko Kaduna. In ya daina biyan sashen B domin ya rage kashe kuɗi, daga baya ciwo ya mai da shi can, za a ƙara masa kashi 10 cikin 100 a kan kowace cikakkiyar shekara da ya bari, ƙarin kuma ba ya sauka. Sai ya auna da kyau kafin ya yanke shawara. A nan gida, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kafa hukumar NHIA, jihohi kamar Kano, Kaduna da Filato kuma suna da nasu hukumomi da mutum zai iya yin rajista. Aikinsu a asibitocin cikin gida ne, ba sa bin mutum ƙetare.

Ko sayen inshora rashin bangaskiya ne?

Na san wannan tambaya tana zuciyar waɗansu. Suna cewa wanda ya sayi inshora yana kiran ciwo ne, ko bai dogara ga Allah ba. 'Yan'uwa, Yusufu ya tara hatsi a shekarun ƙoshi a Masar domin shekarun yunwa, ba wanda ya kira shi mara bangaskiya. Muna addu'a domin damina, muna kuma gina rumbu. Dattijon da ya ƙi yin tanadi, ba a kansa kaɗai abin yake ƙarewa ba. Yana ƙarewa a kan ɗansa da zai shiga bashi, da surukarsa da za ta riƙa aikin dare da rana, da auren da zai fara tsami saboda takardun asibiti.

Shawarwari

Na ɗaya, a yi zaman iyali kafin tafiya, a faɗi lambobi a fili. A al'adarmu ɗa yana jin nauyin ce wa uba ba zan iya ba, uba kuma yana jin nauyin tambayar ɗa nawa yake samu. Wannan kunya tana da tsada. Iyaye, ku ne za ku buɗe zancen domin yaran su sake.

Na biyu, a ga likita a nan tukuna. A auna jini da sukari, a duba ido da haƙori, a yi aikin da ya kamata a yi. A tafi da rahoton likita a rubuce, da magani isasshe tare da takardarsa.

Na uku, kada dattijo ya hau jirgi ba inshora, ko da ziyarar wata ɗaya ce. A sa wanda ya iya karatun irin waɗannan takardu ya karanta ta daga farko har ƙarshe. A duba ko ta haɗa da kuɗin dawo da mara lafiya gida, har da dawo da gawa, domin wannan ma nauyi ne da yake faɗa wa iyali ba shiri.

Na huɗu, kada a bar wa ɗa guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na gida da na waje su raba gwargwadon ƙarfinsu, a rubuta wanda zai ba da me.

Na biyar, kada a sayar da gida ko gona domin an sami takardar zama. A bar wurin dawowa, a kuma ci gaba da sabunta takardun fansho.

Na shida, in lissafi ya ƙi fita, a haƙura da zaman dindindin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ziyarar wata biyu ko uku da inshora mai kyau ta fi zaman shekara biyar cikin fargaba. Kuɗin da ba zai kai ko'ina a can ba, in aka aiko shi nan, zai biya likita da magani da mai kula da tsoho a ɗakinsa, a cikin mutanen da suke jin harshensa. Wanda ya zauna a gida bai kasa ba, 'ya'yansa kuma ba su yi masa rowa ba.

Ga dattawan ikkilisiya kuma, in memba ya zo neman addu'ar tafiya, mu yi masa addu'a da dukan zuciya, sa'an nan mu ja shi gefe mu tambaye shi ko an shirya zancen asibiti. Mu kuma duba yadda ikkilisiyoyinmu za su yi wa tsofaffin ma'aikatanmu da gwaurayensu rajistar inshora a nan gida, domin kada rashin kulawa ya zama abin da yake korarsu zuwa inda ba za su iya biya ba.

Ubangiji ya ba iyayenmu tsufa mai albarka, ya ba 'ya'yanmu ikon riƙe su, ya ba mu duka hikimar yin shiri a kan lokaci.  Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Amin.