Amsoshin Wasiƙunku: Me Littafin Kimiyya Zai Tsinana Wa Manomi?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo. Ta fito ne daga wani dattijo mai sauraronmu, manomi, wanda yake taɓa fataucin wake idan rani ya yi. Ya ce kada a faɗi sunansa, to mun ji. Abin da ya dame shi shi ne, ɗansa da ke sakandare ya matsa masa lamba sai ya ba shi kuɗi ya sayi wani littafin kimiyya. Da ya bincika, sai aka ce masa littafin ba ya cikin waɗanda makaranta ta ce a saya, ba a jarrabawa da shi, an rubuta shi ne don kowa da kowa. Kuɗinsa kuwa zai auno gero mudu da dama. Shi ne yake tambaya, shin wannan ba asara ba ce? Me irin wannan littafi zai tsinana wa gidan manomi?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma ba mu ga laifinka ba. Wanda ya san zafin nema dole ya tambayi inda kuɗinsa za su. Amma kafin in ce ka ba shi ko ka hana shi, bari in ba ka labarin wani yaro.

A shekarar 1791 aka haifi wani yaro a Ingila, ɗan maƙeri, talaka futuk, sunansa Michael Faraday. Bai yi wani karatun kirki ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin wani mai ɗinkin littattafai a birnin Landan. Aikinsa ya jera takardu, ya ɗinke, ya sa bango. Amma yaron nan in an kawo littafi sai ya saci jiki ya karanta kafin mai shi ya zo karɓa. Cikin waɗanda suka faɗo hannunsa har da na wata mata mai suna Jane Marcet, wadda ta rubuta bayanin ilmin haɗe-haɗen sinadarai a matsayin hira tsakanin wata malama da ɗalibanta mata biyu, don wanda bai je babbar makaranta ba ya gane. Wato irin littafin da ɗanka yake roƙo ke nan. Yaron bai tsaya ga karatu kawai ba, duk abin da littafin ya faɗa sai ya tara 'yan kwabbansa ya sayi kaya ya jarraba da hannunsa, ya ga ko gaskiya ne.

Wannan ɗan maƙerin shi ne a 1831 ya gano cewa idan aka motsa maganaɗisu cikin naɗin waya, wutar lantarki tana gudana a wayar. Janaretan da kuke tayarwa a bakin kasuwa, da manyan injunan da ruwa ke juyawa a madatsar Kainji, duk a kan wannan ganowa suke aiki. Ban ce kowane yaro da ya karanta littafi zai zama Faraday ba, a'a, kada a ce na yi alkawari. Na kawo shi ne don abin da ya yi daga baya.

Da ya yi suna, sai ya riƙa tara yara a lokacin hutun ƙarshen shekara yana yi musu bayani. Shida daga cikin laccocin nan a kan kyandir kawai ya yi su, aka tattara su aka buga littafi a 1861, kuma har yau ana karanta shi. Ka ji fa, littafi sukutum a kan kyandir! To me ke cikin kyandir? Malam, yau da dare ka jarraba da kanka, gani ya kori ji. Ka kunna guntun kyandir a kan faranti, ka kife shi da tambulan na gilashi. Ba za a jima ba harshen wutar zai ƙanƙance, ya mutu. Babu wanda ya hure shi, lagwani yana nan, kakin bai ƙare ba. In ka duba cikin tambulan ɗin da kyau za ka ga ya yi ɗan gumi, domin wuta tana haifar da ruwa yayin da take ci, abin mamaki. Dalilin mutuwarta kuwa shi ne, iskar da muke shaƙa gauraye ce. Wajen kashi 21 cikin 100 nata wata iska ce da ake kira oksijin, ita wuta take ci, ita kuma jikinmu yake bukata. Da ta yi ƙaranci a cikin tambulan, sai wuta ta shaƙe. Faraday ya nuna wa yaran nan cewa numfashin mutum da cin wutar kyandir ɗanjuma ne da ɗanjummai, kowanne yana jan iska mai kyau yana fitar da wadda aka gama da ita.

Za ka ce to sai me, wasan yara ne. Bari mu shiga ɗakinka lokacin hunturu. Sanyi ya tsananta, an zuba gawayi a kasko, an shigar da shi ɗaki, an toshe taga da tsumma, an ja ƙofa. Ashe an yi tambulan babba, mutane suna ciki. Abin ma ya fi na kyandir muni, domin gawayi idan yana ci a inda iska ba ta ishe shi ba, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jinin mutum fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa abincinta. Mutum ya ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci mai nauyi, shi ke nan. Hayaƙin janareta ma yana ɗauke da wannan guba, shi ya sa ake jin labarin iyali sun kwanta lafiya da janareta a ɗaki ko a soro, gari ya waye babu wanda ya tashi. Sai a ce iskokai ne, ko an yi musu sammu. In kun tarar da mutane a wannan hali, ku buɗe ƙofa da taga, ku fitar da su fili, ku garzaya asibiti, kada a tsaya shafa magani. Yaron da ya taɓa kife kyandir da hannunsa, ba sai an yi masa doguwar huɗuba ba kafin ya fitar da kaskon nan waje.

Yanzu kuma mu je rumbunka, tunda ka ce kana ajiyar wake. Ƙwaron da ke huda wake shi ma numfashi yake yi. Ka san buhun nan mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, wanda ake kira PICS. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu a arewacin Kamaru ne suka gyara dabarar, aka shiga yaɗa ta a ƙasashenmu daga 2007. Babu ko ɗigon magani a cikinsa. Kana ɗaure kowace leda dabam, tam, sai ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu, kamar dai kyandir. Wanda bai san dalili ba sai ya ɗaure sako-sako, ko ya riƙa kwancewa kowane mako yana leƙawa, ko ya bar ɓera ya huda ledar, sa'an nan ya ce buhun ƙarya ne. Wanda ya san dalili kuwa zai busar da wakensa sosai, ya duba ko leda ta fashe, ya matse iska kafin ya ɗaure. In ma bai sami buhun ba, ya san jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa ruf zai yi aikin, muddin an cika shi taf.

Ka ga abu ɗaya aka gane, ya yi aiki a wuri uku. Wannan shi ne bambancin littafin kimiyya na kirki da takardar umarni. Takardar umarni ta ce yi kaza, bari kaza. Littafin kuwa ya gaya maka dalili, ya bar ka ka kai dalilin inda marubucin bai taɓa zuwa ba. Faraday bai taɓa ganin rumbun wake ba.

Tunda mun taɓo maganin ƙwari, akwai wani littafin da ya kamata manomi ya san labarinsa. A 1962 wata masaniyar halittun ruwa a Amurka, Rachel Carson, ta buga littafi mai suna Silent Spring, ma'ana bazarar da ba a jin kukan tsuntsaye. Lokacin ana fesa maganin DDT ko'ina, ana ganin an sami maganin ƙwari na har abada. Ita kuwa ta bayyana wa talakawa da harshe mai sauƙi cewa maganin ba ya ruɓewa da wuri, yana taruwa a kitsen dabba, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye shi, tsuntsu ya ci babban, guba tana ƙara yawa a kowane hawa. Kamfanonin magani suka yi mata ca. Ta rasu a 1964, amma a 1972 Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki. Mu ma abin ya taɓa aljihunmu ta wata hanyar, domin a 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Mai zuba wa wake maganin feshi don kada ya huje, ya tuna 'ya'yan wani ne za su ci, wataƙila ma nasa.

Sai dai Malam, ba duk abin da aka buga aka sa wa bango ba ne abin dogara. Ranar kasuwa za ka ga 'yan littattafai a shimfiɗe a tabarma, wani ya ce ganye ɗaya yana warkar da cuta arba'in, har da hoton likita a bango. Wanda duk ya ce maganinsa ba ya kuskure, kuma bai faɗi yadda aka gwada shi ba, ajiye masa kayansa. Na kirki yana faɗin wanda ya gano abu, da shekarar, da yadda aka auna, kuma ba ya jin kunyar cewa nan masana ba su daidaita ba tukuna. Ka sa yaron ya karanta maka bayanin marubucin, a ji ko fanninsa ne yake magana a kai.

Sa'an nan a duba shekarar bugu, tana nan a bayan shafin farko. Ilmin kimiyya yana gyara kansa, littafi kuwa ba ya gyaruwa in an buga shi. Ga misali. Tsofaffin littattafai sun ce gyambon ciki, wanda kuke kira olsa, damuwa ce da cin yaji suke kawo shi. Sai a farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ce wata ƙwayar cuta ce a cikin tumbi take haddasa yawancinsa. Aka ƙi yarda da su. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ya rena ƙwayoyin a ciki ya shanye, ya kamu da kumburin tumbi, ya nuna wa duniya. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Yanzu likita yana iya gwada mutum, in ya sami ƙwayar ya rubuta masa maganin da zai kashe ta. Af, kada wani ya ji wannan ya tafi kemis ya haɗa wa kansa, domin yawan shan magungunan kashe ciwon jiki ma yana kawo gyambon, likita ne zai bambance. Marubutan da ba maƙaryata ba ne, iyakar abin da aka sani a zamaninsu suka faɗa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin irin waɗannan littattafai da Hausa. Ba wai ba a taɓa yi ba. Tun kafin mulkin kai na 1960, Dokta East da Alhaji Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, sun rubuta Ikon Allah a Zariya, suna bayanin halittu iri iri da Hausa tsantsa, kuma dattawan da suka yi firamare a da suna tuna shi. Wato harshenmu bai gaza ba. Daga shekarun 1980 marubutanmu sun cika kasuwa da littattafan soyayya, madalla, sun koya wa mutane da yawa son karatu. Amma ina malaman gona, ina likitocin dabbobi, ina masu ilmin taurari? Ku rubuto mana dalilin da ya sa gero ke yin kyau a gonar da aka yi gyaɗa bara, da abin da ke rufe wata ranar husufi, da Hausar da za a karanta a gindin bishiya a gane.

To Malam, ga amsarka. In littafin nan ya tsallake 'yan gwaje-gwajen da na faɗa, kuma ba abincin gida za a taɓa ba, ka ba shi kuɗin. Amma ka kafa masa sharaɗi. Kowane dare bayan an ci tuwo, ya karanta shafi biyu ko uku, ya juya muku da Hausa, kai da iyayensa mata da ƙannensa. Inda ya kasa juyawa, bai gane ba ne, ya koma ya sake karantawa ko ya tambayi malaminsa. Kai kuma kada ka yi shiru, in littafin ya faɗi abin da ya saɓa wa abin da ka gani a gona shekara da shekaru, ka ce a gwada a kunya biyu, a gani da kaka. In kuɗin ya yi yawa, ku haɗa da maƙwabta biyu ko uku masu yara a makaranta, littafi ɗaya ya zagaya gidaje. A sa masa bangon takardar siminti, a ajiye shi nesa da gara.

Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa za mu ɗauki wasiƙar wata baiwar Allah mai sana'ar ƙuli-ƙuli, tana tambaya a kan gyaɗar da ta yi fumfuna. Kafin nan, a gwada kyandir ɗin, amma babba ya tsaya a wurin, kuma a yi nesa da zana. Ku huta lafiya.