Hujin kunnen 'ya'yanmu mata

Kafin mu buɗe akwatin adashi, ina da 'yar magana kan hujin kunne.

Nan ƙasar Daura, daga Sandamu har Baure, allura da zare muka gada. To, kowace yarinya a yi mata da sabuwar allura, don wadda ta zaga gidaje tana iya yaɗa ciwon hanta.

Ana cewa toka ko kananzir na busar da huji. Ba haka ba ne. Kananzir ƙona fata yake yi, toka kuma datti take sa wa ciwo, har ta kan jawo sarƙe haƙora. Ki wanke hannu da sabulu, ki tafasa ruwa da ɗan gishiri, in ya huce ki goge wurin safe da yamma. Warkewa kan ɗauki mako 6 zuwa 8.

In kika ga kumburi, mugunya ko zazzaɓi, maza asibiti. In tsiro ya fito, kar a kai wa wanzami, in an yanke yakan dawo ya fi da girma. Wadda ba ta da kuɗin mota ta yi magana, don haka muka ajiye asusun taimako. Allah ya raya mana su.